Yadda ake gina asusu mai habaici

Ni maginin tukwane ne. Randa da tulu da kaskon turare su ke ciyar da gidana, amma a tsakaninsu ina ware lokaci in gina kayan da ke yi wa masu mulki gugar zana. Yara masu koyon gini sukan tambaye ni yadda ake yi, kuma yawancinsu sun ɗauka a gina tukunya ne a rubuta "ɓarayi" a jikinta. Zagin da aka rubuta a jikin tulu zagi ne kurum, tulun bai ƙara masa komai ba, gara ma mutum ya ɗauki gawayi ya nufi bango. Habaicin yumɓu yana cikin aikin da kayan ke yi ne: me ake zubawa a ciki, ta ina yake shiga, yana fitowa ko ba ya fitowa.

Wanda ya fi kowa nuna mini haka wani mutumin Fotugal ne, Rafael Bordalo Pinheiro, da ya rasu a 1905. Asalinsa mai zanen barkwanci ne a jaridu. A 1875 ya ƙirƙiro Zé Povinho, talakan ƙauye mai gemu wanda kullum ake ɗora wa haraji, har akan zana shi da akumari irin na jaki. A 1884 aka buɗe masana'antar tangaran a garin Caldas da Rainha a ƙarƙashin jagorancinsa, talakan nan ya tashi daga takarda ya koma yumɓu, ya shiga kantuna da gidajen mutane. A watan Janairun 1890 Ingila ta ba Fotugal wa'adi ta janye daga ƙasashen da ke tsakanin Angola da Mozambik, sarkin Fotugal ya bi, jama'a suka fusata. Bordalo bai rubuta dogon sharhi a jikin faranti ba. Ya gina tukunyar fitsari da siffar John Bull, wato ƙaton Baturen nan da ake wakilta Ingila da shi. Duk wanda ya saya ya yi amfani da ita, ya faɗi ra'ayinsa a kan Ingila ba tare da ya buɗe baki ba. Rigimar kanta ta 'yan mulkin mallaka biyu ce a kan ƙasar da ba tasu ba, ba na bayan kowa a cikinsu. Dabarar nake so ka ɗauka.

A wajenmu abin da ya fi dacewa da wannan dabara shi ne asusu. Kowa ya san shi tun yana yaro, kowa ya san dokarsa: kuɗi na shiga, ba sa fita. Ba sai ka koya wa kowa komai ba.

Zaɓen abin da za ka caccaka

Kafin ka jiƙa yumɓu, zauna ka yanke wace ɗabi'a kake nufi. Na ce ɗabi'a, ban ce mutum ba, kuma dalilina na farko na sana'a ne. Gasasshen yumɓu ba ya ruɓa. Kawunan yumɓu da aka tono a yankin Nok na Jihar Kaduna sun haura shekara 2,000 a cikin ƙasa. A tsohuwar Atina ta Girka, mutane kan karce sunan ɗan siyasar da suke so a kora daga gari na shekara 10 a jikin tsingaro, kuma an tono dubban waɗannan tsingarayen, sunayen na nan ana karantawa bayan fiye da shekara 2,400. Abin da zai daɗe haka bai kamata a ɓata shi a kan surutun mako guda ba. Daga haƙo yumɓu zuwa fitowa daga matoya za ka ci makonni, kafin nan kowa ya manta da maganar da wani kwamishina ya yi a rediyo. Amma cin kuɗin jama'a, da rijiyar burtsatse da aka buɗe da kiɗa ba ta taɓa ba da ruwa ba, da alkawarin da ake sabuntawa duk shekara huɗu, waɗannan jikanka ma zai gane su.

Dalili na biyu shi ne ƙarshen asusu fasawa ne. Idan ka gina shi da kamannin wani takamaiman mutum, ranar da aka rotsa shi da taɓarya saƙon ya canja, ya zama kamar kana kiran a taɓa lafiyar wani. Ba abin da muke nema ke nan ba. Bar shi ba suna, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Akwai kuma maganar addini, wadda ba na wasa da ita. Malamai da yawa sun hana ƙera mutum-mutumin abu mai rai, kuma gidajen da nake so kayana su shiga ba za su ajiye abu mai ido da hanci a kan kabad ba. Saboda haka ba na yin fuska sam. Hula, babbar riga da ƙaton tumbi sun wadatar, kowa ya san wa ake nufi da su. Idan kana da shakka a kan iyakar abin da ya halatta, tambayi malaminka kafin ka fara, kada sai ka gasa guda talatin.

Haɗa yumɓu

Gwada yumɓun tukuna. Murza ɗan kaɗan ya yi tsawo, ka naɗa shi a yatsa. In ya naɗu ba tsagewa, yana da danƙo. In ya kakkarye, yashi ya yi masa yawa, nemi mai danƙo ka gauraya. Shanya shi ya bushe sarai, ka daka, ka tsince tsakuwa da saiwoyi, ka jiƙa a tsohuwar randa ya kwana biyu ko uku. Ka kula da fararen tsakuwoyi masu kama da alli, domin irinsu kan kumbura bayan gashi su ɓantare jikin kaya.

Sai garin tsingaro. Tara fasassun tukwane, daka su, tankaɗe da rariya mai ɗan faɗin ido. Ni nakan sa kwano ɗaya na garin a kan kwano uku zuwa huɗu na yumɓu. Shi ke ba tururi hanyar fita, shi ke hana kaya fashewa idan wutar kara ta taso gaba ɗaya. Taka da ƙafa, sannan ka cuɗa da hannu har ka yanka da zare ka ga ciki ba rami ba gudaji.

Wani ɗan aiki da yara ke rainawa: yi ɗan fallen yumɓu, ja layi mai santimita 10 a kai, ka gasa shi tare da kayan da ke gabanka. Auna layin bayan ya fito. Yawanci za ka ga ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma. Wannan lissafin za ka buƙace shi wajen yanka bakin asusu.

Ginin jiki

Kifa ƙaramar tukunya a ƙasa, barbaɗa mata toka don kada ya manne. Faɗaɗa curin yumɓu a kanta kana bugawa a hankali har kaurinsa ya zo daidai da ƙaramin yatsanka ko'ina. Bar shi ya ɗan sha iska ka cire. Yi na biyu kamarsa. Kada ka bar shi ya daɗe a kan tukunyar, yana bushewa yana tsukewa, zai tsage. Karce bakin kowane rabi da tsinke, shafa damammen yumɓu mai ruwa-ruwa, haɗa su, ka bi mahaɗar da siririn murjin yumɓu kana dannawa. Nan take huda ɗan rami da tsinke, iska ta sami mafita kafin ka yanka baki.

Yanzu kana da ƙwallo. Buga ƙasansa a kan allo ya zauna daram. Tura gaba da tafin hannu ta yadda tumbin zai rinjayi gaba, kafaɗu su zube baya. A nan ne halin mutumin ke fitowa, don haka kada ka yi gaggawa. Tumbin da ya tsaya tsakiya na mai ƙiba ne kawai. Wanda ya turo gaba, ƙirji ya koma baya, na wanda ya saba a tashi masa ne idan ya shigo.

Babbar riga da murji ake yin ta. Ɗora dogayen murji daga kafaɗa zuwa ƙasa, uku ko huɗu kowane gefe, ka shafe gefensu su zama ninkin da ake yi idan an naɗe hannun riga a kafaɗa. Aikin wuya kuwa da tsinke za ka zana, aska biyu ko aska takwas gwargwadon haƙurinka. A inda kai ya kamata ya kasance, ɗora hula kai tsaye a kan wuyan riga. Hular ta zama mai rami a ciki, kuma ka huda tsakaninta da jiki. Duk wani abu da ya fi babban yatsa kauri kuma ba rami, ka sa a ranka zai fashe a wuta. Ka guji hular da ta zama tambarin wani ɗan siyasa ko launin da aka san wata ƙungiya da shi, in ba haka ba ka koma ga kama suna ta bayan gida.

Bakin asusu shi ne maganar gaba ɗaya. Asusun kasuwa a sama ake tsaga shi. Naka a aljihun gaban riga za ka tsaga. Mai gida zai ninke kuɗinsa da hannunsa ya cusa a aljihun babban mutum, yau da gobe, kuma ya san ba zai sake ganinsu ba sai ranar da komai ya watse. Yaro ɗan shekara bakwai ma yana ganewa. Tun da yanzu ba a kashe kwabbai, auna bakin da takardar kuɗi da aka ninka biyu ko huɗu, ka ƙara abin da gwajin layin nan ya nuna maka zai ragu. Yanka shi lokacin da yumɓun ya daina manne wa yatsa amma farce na iya shiga. Ka zagaye kusurwoyin tsagar, domin daga kusurwa mai kaifi tsagewa ke farawa.

Na kan ƙara abu ɗaya: sawun kura guda uku ko huɗu da ke hawa daga gindin riga zuwa aljihu. Da ɗan hatimi na yumɓu nake buga su. Wanda ya san karin maganar ba kura ajiyar nama ya gama karantawa.

Rubutu, in ya zama dole

Ba na hana rubutu, amma ya zama kaɗan, kuma ya zama abin da siffa ba za ta iya faɗa ba. Misalin da nake girmamawa shi ne na David Drake, bawa baƙar fata a yankin Edgefield na Karolina ta Kudu a Amurka. Yana gina manyan tuluna na ajiyar nama da mai, kuma tun daga 1834 yake karce gajerun baitoci da kwanan wata a kafaɗarsu, daga baya har da sunansa, a jihar da doka ta hana koya wa bayi karatu da rubutu. A wani tulu na 1857 ya tambayi ina danginsa suke, a zamanin da ake sayar da uwa gabas a sayar da ɗa yamma. Bai zagi kowa ba. Sa hannunsa kaɗai ya isa ƙin yarda, domin yana cewa ga mutum nan mai suna, wanda ya iya abin da aka ce bai isa ya iya ba.

Ka kwatanta da lambar tangaran da kamfanin Josiah Wedgwood ya fitar a Ingila a 1787 don yaƙi da cinikin bayi. An yi dubbai, mata sun sa a gashi da wuyan hannu, kuma ta taimaka wa yaƙin ƙwarai. Amma bawan da ke jiki a durƙushe yake cikin sarƙa, ya ɗaga hannuwa yana roƙo. Duk lokacin da na ga hotonta sai in ji ba daɗi. Idan za ka nuna talaka a aikinka, kada ka durƙusar da shi. Dariyar a kan mai riƙe da madafi take, ba a kan wanda aka danne ba, kuma ba a kan ƙabilar wani ko addininsa ko naƙasarsa ba.

A asusuna kalma ɗaya nake sawa a ƙarƙashin aljihu, "Amana". Wani lokaci da boko, wani lokaci da ajami, ya danganta da kasuwar da za ni. Ka karce da ƙusa mai dasasshen baki lokacin da ka yanka bakin asusu, zurfin ya kai yadda jar ƙasa ba za ta cike shi ba. In da hatimi za ka buga, tuna a juye ake sassaƙa haruffan. Wanda ke son ya ga yadda ake zane da karce a jikin yumɓu ya nemi hotunan tulunan Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja ta da, Suleja a yau, a 1954, wadda hotonta ke bayan naira 20. Ba habaici take yi ba, amma dubi yadda layinta ke bin kumburin tulu bai yi faɗa da shi ba.

Shanya da gashi

Shafa jar ƙasa da aka dama aka tace, ka goge da santsin dutse ko carbin 'ya'yan kuka har ya yi sheƙi. Ka bar ninkin riga ba gogewa don ya bambanta. Shanya a inuwa. Da hunturu iska na tsotse waje ta bar ciki jiƙe, hula da murjin riga su ne ke fara ɓallewa, don haka lulluɓe da leda kwanakin farko kana buɗewa kaɗan-kaɗan. Kara shi a kumatunka: in da sanyi, da sauran ruwa.

Ranar gashi, jera su a rana tun safe, sannan kusa da ƙaramar wuta kana jujjuyawa har su yi zafin da hannu ba ya jurewa. Ruwan da ya rage a ciki shi ke zama tururi ya tarwatsa kaya, ba ƙarfin wuta ba. A matoya, shimfiɗa itace da busasshen kashin shanu, jera asusan bakinsu na kallon gefe, rufe da manyan tsingaro, sannan kara da ciyawa. Irin wannan wuta takan kai tsakanin digiri 600 da 900, kuma cikin awa ɗaya zuwa biyu an gama. In kana son baƙi, ciro shi da zafinsa da dogon ƙarfe ka binne a ƙaiƙayi. In ja mai duhu kake so, yayyafa masa ruwan makuba da tsintsiya yana zafi. Bayan ya huce ƙwanƙwasa shi da farce. Amo garau, ya gasu. Amo a dushe, akwai tsaga ko wuta ba ta kai ba.

Gargaɗi ɗaya da ba na sassautawa: kada wani ya ba ka shawarar narka abin cikin tsohon batirin mota don kaya su yi ƙyalli. Dalma ce. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara ɗaruruwa suka mutu ta dalilin dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Asusu a hannun yara yake yawo.

Idan hannunka ya faɗa

Dabarar ɗaya ce, kayan ne ke canjawa. Na gina mudu wanda daga waje cikakken mudu ne, amma gindinsa biyu, na cikin ya taso har rabi, ka zuba gero kaɗan ya cika ya yi tozo. A jikinsa "Albashi". Ka tuna huda ramin iska a tsakanin gindin biyu. Na gina tulu mai kan famfo a gefe, kan famfon toshe yake, da ɗan allon buɗe aiki a manne. Wanda mata suka fi saya shi ne fitilar aci-balbal da na yi wa siffar ƙwan lantarki: ka zuba man gyaɗa ka sa lagwani, tana ci da gaske, kuma a daren da aka ɗauke wuta ake kunna ta. Wannan ta fi sauran domin ana bukatarta ko da ba a yi dariya ba.

Kafin ka yi da yawa, ɗauki guda ka ajiye a teburin mai shayi, ka koma gefe ka yi shiru. In mutane sun ɗauka sun jujjuya sun kalli juna sun fashe da dariya, ya yi. In sai ka yi bayani, koma ka sake gini. Haka in za ka sa hoton a Facebook ko TikTok: bango fari, hasken safe, hannu na cusa kuɗi a aljihun, ba dogon sharhi.

Ka san inda ka tsaya a doka. Sashe na 39 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin baki. Amma ɓata suna laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma an sha kama 'yan jarida da masu rubutu a intanet da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024. Hoton da ka ɗora da sunan wani a ƙarƙashinsa ya fita daga hukuncin tukunya ya shiga na rubutu. Masu sharhi za su yi ta kiran sunaye a ƙasan hoton, kai kada ka tabbatar wa kowa.

Idan zaɓe ya matso, wani zai zo da mota ya ce ka gina masa ɗari biyu, amma ka sa hular abokin hamayyar maigidansa. Kuɗin zai fi abin da randa ke kawo maka a wata uku. Ni ba na karɓa, kuma ina roƙonka kada ka karɓa. Ranar da aka san asusunka na saye ne, mutanen teburin mai shayi za su daina ganin halin da kake nunawa, su fara tambayar wa ya biya ka, kuma wanda ya biya ɗin yana da irin aljihun da ka tsaga. Nakan ce masa ga waɗanda na gina nan a jere, farashinsu ɗaya da na kowa, ya ɗauki adadin da yake so, amma hula ba ta canjawa.